Digirin Ƙirƙirar Rubutu A Ƙasar Waje: Wa Zai Karanta Mana Hausar A Can?



Tun bayan taron ƙungiya na watan jiya magana ɗaya ta ƙi barin bakinmu. Wani ɗan'uwanmu, wanda da yawanmu mun karanta gajerun labaransa mun yaba, ya samu takardar gurbin karatu daga wata jami'a a Ingila. Digiri na biyu ne a fannin ƙirƙirar rubutu, na shekara ɗaya. Ejan ne ya nemo masa. Takardar ta zo da tambari mai kyau da taya murna, sai dai babu ko sisin tallafi a cikinta, in ban da ɗan ragin da aka ce za a yi masa in ya biya da wuri. Yanzu shawarar da ake yi a gidansu ita ce a sayar da filin da suka gada shi da ƙannensa mata biyu, in ya dawo ya biya su. Ya zo mana da tambaya: wace ta fi, wannan makarantar ko wasu biyu da ejan ya lissafa masa? Muka yi ta jayayya a kan sunayen makarantu har aka kira Magariba, ba wanda ya tuna ya yi masa tambayar da ta kamata a fara da ita. Shi fa da Hausa yake rubutu. Duk abin da ya sa muka san shi, da Hausa ya rubuta shi. To wa zai karanta masa Hausar a can?

Bari mu fara da abin da ake yi a wannan karatu, don wasunmu sunansa kawai suke ji. A Amurka ana ce masa MFA, shekara biyu ne ko uku. A Ingila MA ne, akasari shekara ɗaya. Uwar su duka ita ce ta Jami'ar Iowa, wadda aka kafa a 1936. Ta Ingila da ta fi suna ita ce ta Jami'ar East Anglia da ke Norwich, wadda Malcolm Bradbury da Angus Wilson suka buɗe a 1970. Daga nan Ian McEwan ya fito, daga nan Kazuo Ishiguro ya fito, wanda ya ci Nobel a 2017, kuma can Ayobami Adebayo ta je bayan ta yi karatunta a Ile-Ife. Amma ƙashin bayan karatun ba lacca ba ne. Zaman feɗe rubutu ne. Ɗalibai kamar goma ko ɗan sama da haka su zauna da malami ɗaya, wanda shi ma marubuci ne. Wanda layi ya zo kansa ya raba labarinsa tun kwanaki kafin zama, kowa ya karanta ya yi rubutu a gefen shafi. Ranar zama a baje labarin a faifai, a yi ta magana a kansa awa guda, a tsohuwar al'adar Iowa ma mai labarin ba ya cewa uffan sai an gama. A ƙarshen karatu littafi kake miƙawa a matsayin kundi, ko tarin labarai, ko diwanin waƙoƙi.

Ke nan abu biyu mutum ke samu: lokaci, da masu karatu na tsakani da Allah waɗanda ba sa jin nauyinka. Duk sauran abubuwan, sunan makaranta da hoton ginin da rigar yaye ɗalibai, ado ne.

To a nan gizo ke saƙar. Masu karatun nan ba sa jin Hausa. Malamin ba ya ji, ɗaliban ba sa ji, wanda zai duba samfurin rubutun da ka aika da takardar neman gurbi shi ma ba ya ji. Duk wanda ya tafi, da Ingilishi zai yi rubutu daga ranar farko har ranar ƙarshe. Ba mu ce laifi ba ne. A cikinmu akwai waɗanda Ingilishinsu ya nuna, wasu ma sun fi sakewa a cikinsa, kuma Arewa tana buƙatar masu ba da labarinta da kowane harshe. Amma mu daina yaudarar kanmu cewa za mu je mu koyo dabara mu dawo mu zuba ta a Hausa kamar yadda ake juye fura daga wannan ƙwarya zuwa waccan. Wani abin yana juyuwa, kamar tsarin labari, da inda ya kamata a fara, da abin da ya kamata a yanke. Amma jimla ba ta juyuwa. Kunnen da ke gane cewa wannan magana ta Bakatsine ce ba ta Basakkwace ba, ko cewa tsohuwa ba za ta faɗi wannan kalma a gaban surukinta ba, ba a Norwich ake wasa shi ba.

Ku ɗauki misali ɗaya. Ka rubuta uwa tana karɓar ɗanta na fari da ya dawo daga tafiyar shekara biyar. Ba ta rungume shi ba, ba ta kira sunansa ba, ta dai ce wa ƙanwarsa ta kawo wa "wannan" ruwa, ta juya ta shiga madafa tana ta motsa tukunyar da ba ta buƙatar motsawa. Mai karatun Hausa ya gama gane komai, wataƙila ma idonsa ya kawo ruwa. A zaman feɗe na can, mutum bakwai cikin goma za su rubuta maka a gefen shafi: me ya sa uwar nan ba ta son ɗanta? Sai ka ƙara sakin layi kana bayanin kunyar ɗan fari. Mako mai zuwa ka yi bayanin lefe, na gaba ka yi bayanin zaman kishi da rabon kwana. Kafin shekara biyu ka zama tafinta a cikin labarinka, kana rubutu idonka na kan baƙo. Akwai marubutan da suka tsaya da ƙafarsu suka ƙi, amma sai wanda ya tafi da sanin abin da yake so, ba wanda ya tafi a gaya masa ba.

Kada a ce ai haka tsarin yake dole. A ita Iowa ɗin akwai MFA na masu rubutu da Sifaniyanci, a Jami'ar Texas ta El Paso akwai wanda ake yi da harsuna biyu, Sifaniyanci da Ingilishi. A nan Afirka, Jami'ar Rhodes da ke Makhanda a Afirka ta Kudu tana karɓar ɗalibin da zai rubuta littafinsa da harshen Xhosa ko Afrikaans a digirinta na ƙirƙirar rubutu. Wato abin mai yiwuwa ne inda aka samu malamai masu jin harshen da jami'ar da ta yarda. Mu kuwa muna da sassan Hausa masu tarihi a Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, cike da malaman da suka san harshen ciki da bai. Abin da aka san digirinsu na biyu da shi shi ne nazari: a ɗauki littafin wani a duba jigo da salo da zubi. Aiki ne mai daraja, amma daban yake da zama a rubuta littafin. Da ƙungiyoyinmu za su haɗa baki su roƙi ko da ɗaya daga cikin sassan nan ya buɗe tsarin da za a karɓi ƙagaggen labari na Hausa a matsayin kundi, da sun yi mana abin da ya fi bikin karramawa goma.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ta biyu, kuma ita ce ta shafi filin nan.

In ana kwatanta makarantun nan, layin da ya raba su ba suna ba ne. Akwai waɗanda suke biyan ka, akwai waɗanda kake biya. Manyan na Amurka da yawa suna ɗauke wa duk ɗalibin da suka ɗauka kuɗin makaranta, su kuma ba shi alawus na zama. Cibiyar Michener a Jami'ar Texas ta Austin shekara uku ce, ba a ma sa ka koyarwa, rubutu kawai. Ta Jami'ar Michigan, inda Chigozie Obioma ya yi, ita ma tana ɗaukar nauyin ɗalibanta. Haka Cornell, inda NoViolet Bulawayo ta Zimbabuwe ta yi. A wasu wuraren alawus ɗin ladan aiki ne, za a ba ka aji na 'yan shekarar farko ka koya musu rubutun Ingilishi, kuma wannan aikin yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Sai dai ƙofar ƙarama ce ƙwarai. Cornell mutum 8 take ɗauka a shekara, huɗu a labari huɗu a waƙa. Michener 12. Masu nema kuwa ɗaruruwa ne daga ko'ina a duniya.

Na Ingila galibi kai za ka biya. Kuɗin ɗalibin waje da wuya ya gaza fam 15,000, wasu sun haura 20,000, ban da haya da abinci da kuɗin biza da harajin lafiya na fam 776 a shekara. Ku buga da canjin yau ku gani. Awa 20 kawai doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma wanda ya kwana yana aikin gidan kula da tsofaffi don ya haɗa kuɗin zango na biyu, da wane ƙarfin zai zauna ya rubuta babi? Lokacin da ya je saye shi ne farkon abin da zai rasa. Ga masu iyali kuma, tun Janairun 2024 ɗalibin irin wannan digiri ba ya iya tafiya da mata ko miji ko yara. 'Yan'uwanmu mata, waɗanda su ne suka fi yawa a rubutun Hausa, su lura da wannan tun kafin su sa rai. Akwai tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya mai biyan komai, amma yana son digiri mai kyau da shekara biyu ta aiki, da alkawarin za ka dawo gida. Amurka ma ba a buɗe take ba, dokokin bizarta a kan 'yan Najeriya sun tsananta tun 2025, don haka a bincika halin da ake ciki kafin a kashe ko kwabo a kan fom.

Ra'ayinmu a nan ba mai lanƙwasa ba ne: kada wanda ya ci bashi ko ya sayar da gado don wannan digiri. Likita in ya ci bashi ya yi karatu, akwai asibitin da ke jiran sa. Wannan takarda ba ta da ofishin da ke jiran ta. Ba ta sa kamfanin ɗab'i ya karɓi littafinka, ba ta sa mai karatu a Kasuwar Sabon Gari ko a waya ya saya. Makarantar da ta ga rubutunka ta ce zo mu biya ka, ta gaya maka wani abu game da rubutun. Wadda ta ce zo ka biya mu cikin mako biyu da aika takarda, ba ta gaya maka komai ba sai cewa tana da kujera. Kuma ejan ba zai taɓa nuna maka ta farkon ba, saboda ladansa daga ta biyun yake fitowa.

Sai matsalar da ta shafi irinmu masu difloma, wadda ba a cika faɗa ba a irin wannan hira. Duk makarantun nan digiri na farko suke nema ko abin da ya yi daidai da shi. Ba ruwansu da fannin da ka karanta, ko akanta ne kai ko injiniya, samfurin rubutunka shi ne alƙali. Amma ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'a yana da nasa sharaɗin, kuma malamin da ya so labarinka ba zai iya tsallake shi ba. Ƙaramar difloma ba ta kaiwa. Babbar difloma kuwa wata jami'a ta karɓa, wata ta ce sai an haɗa da PGD, wata ta ce a kai wa kamfanin tantance takardu irin WES ya auna, kuma shi ma kuɗi ne. Ko a gida mun san sai mun bi ta PGD kafin mastas. Don haka wasiƙa ɗaya ta imel zuwa ofishin, kana faɗin takardar da kake da ita ƙarara, ta fi wata uku na mafarki. Yawancin na Amurka suna rufe karɓa a Disamba zuwa Janairu, kowane fom da kuɗinsa, ga jarrabawar IELTS ko TOEFL in sun nema. Wanda zai nemi makarantu shida ya san ya ɗauki ɗawainiya tun kafin a ce masa e ko a'a.

In mutum ya tsallake duk wannan, har ya samu biyu ko uku suna son sa, to a nan ne kwatance na gaske yake farawa, kuma ba a jerin "makarantu goma da suka fi" ake yin sa ba. A duba su wa ke koyarwa a wannan shekarar, ba waɗanda sunansu ke shafi alhali suna hutu ba. A nemo littattafansu a karanta. In babu ko ɗaya da ya taɓa rubutu ko fassara daga wajen duniyar Turawa, to ka san irin tambayoyin da za ka sha. A tambayi alawus nawa ne, a tambayi hayar ɗaki nawa ce a garin, don kuɗin da zai ishe ka a ƙaramin gari ba zai kai ka tsakiyar wata a New York ba. A tambaya ko kowa ake ba daidai ko ɗalibai ne ke takara a kan tallafin kowace shekara, saboda ajin da ake takarar abinci a cikinsa ba a faɗa wa juna gaskiya. A nemi wani ɗan Afirka da ya gama can a tambaye shi abin da ba a rubuta ba: sanyi, kaɗaici, masallaci, azumi a lokacin da rana ke kaiwa ƙarfe tara ba ta faɗi ba.

Akwai kuma wata ƙofa da ba mu cika kallo ba, alhali ita ta fi dacewa da mai Hausa a hannu: digirin fassarar adabi. Iowa tana da MFA na fassara, Jami'ar Arkansas ma tana da shi haɗe da na ƙirƙirar rubutu. A nan Hausarka ba kaya ba ce da za ka ajiye a bakin ƙofa, ita ce jarinka. Ku tuna littafin Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, sai a 2012 ya fita da Ingilishi, fassarar Aliyu Kamal, kuma wani kamfani ne a Indiya mai suna Blaft ya buga shi. Littattafai nawa muke da su a Kano da Kaduna da Gusau da Zinder da suka cancanci haka, ba mai fassarawa? A 2025 kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa tarin gajerun labarai ne ya ci, na Banu Mushtaq, da ta rubuta da harshen Kannada na kudancin Indiya, aka raba fam 50,000 biyu tsakaninta da mai fassara Deepa Bhasthi. Matar ba ta bar harshenta ba, mai fassara ta samu. Wanda a cikinmu Allah Ya ba harsunan biyu, ya yi tunani a nan.

Wani zai ce, to ai duk manyan da muke ji sun bi ta makarantun nan. Wasu sun bi, gaskiya ne. Chimamanda Adichie ta yi a Johns Hopkins, Chinelo Okparanta ta yi a Iowa, Saddiq Dzukogi na Minna ya yi digirin digirgir a Nebraska. Amma a duba tsarin tafiyar wasu. Helon Habila, ɗan Kaltungo, a Jos ya yi karatu, ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi, ya tafi Legas aikin jarida, ya ci kyautar Caine a 2001, sannan East Anglia ta buɗe masa ƙofa. Yau shi ke koyar da fannin a Jami'ar George Mason. Abubakar Adam Ibrahim aikin jarida ya karanta a Jos, yana aikin jarida ya rubuta littafin da ya ci dala 100,000 ta NLNG a 2016. Rubutun ne ya riga, makaranta ta biyo baya tana nema. A wajenmu ma haka ne. A 1936 ɗin da aka kafa ta Iowa, Abubakar Imam yana Zariya yana rubuta Magana Jari Ce, Rupert East yana dubawa suna gyara. Za a iya cewa abubuwa da dama game da manufar Turawan mulki a wannan aiki, amma ga abin da Imam ya samu: an ɗauke masa aikin aji na wasu watanni, an ba shi mai karatu mai tsanani wanda yake jin Hausa. Lokaci da mai karatu. Abin nan dai guda biyu.

Kuma a nan ne ya kamata mu ji kunya kaɗan. Dalilin da ya sa ɗan'uwanmu yake son sayar da fili shi ne mu ba mu ba shi abin da yake nema ba. Shekara uku yana kawo mana labarai, me muke ce masa? "Ma sha Allah, alƙalami ya fi takobi." "Allah Ya ƙara basira." "Muna jiran ci gaba." Ba wanda ya taɓa ce masa shafi huɗun farko na labarin nan ba su da aiki, ko matar nan da ka kashe a babi na uku ba ka ba mu dalilin da za mu yi kukanta ba. In wani ya kuskura ya faɗa, sai a ce hassada ce, a bi shi ta akwatin sirri ana ba shi haƙuri ko ana zaginsa. Muna da gasar Hikayata ta BBC tun 2016, muna da bikin littattafan Hausa na HIBAF, akwai gidan marubuta na Ebedi a Iseyin inda ake ba mutum ɗaki na 'yan makonni ya yi rubutu. Duk suna da amfani. Amma gasa tana gaya maka ka ci ko ba ka ci ba, ba ta zama da kai a kan shafi na bakwai.

Ga abin da muka yanke a ƙaramin zaman da muka sake yi ranar Lahadi, mu bakwai. Mun gaya masa ra'ayinmu game da filin ba tare da kwana-kwana ba, har da cewa kason ƙannensa ba nasa ba ne da zai yi caca da shi, ko da sun ce sun yarda don kunya. Mun ce in har yana son tafiya, ya ba kansa shekara guda: ya gyara shafi 30 na Ingilishi ko na fassarar labaransa, ya aika wa ofisoshin makarantu masu biyan ɗalibi tambaya a kan takardarsa, ya nema da kansa ba ta hannun ejan ba. Sannan mun ɗauki alkawarin zama duk Asabar ta biyu bayan La'asar. Mutum takwas kawai, shafi goma, a raba kwana uku kafin zama, kowa ya zo da gyaransa a rubuce. Mai labari ba zai yi magana ba sai an gama. An hana "ma sha Allah" sai a minti biyar na ƙarshe.

Bai ce mana ya fasa ba. Ejan ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya biya kafin alƙalami, kuma yayan mahaifinsu ya riga ya kai mai saye ya ga filin. Amma ya ce labarinsa za a fara feɗewa, ya ma turo shi daren jiya, shafi goma sha ɗaya. Saura kujera ɗaya, wanda yake so ya yi wa sakatare magana kafin Alhamis.